Zuwa kallon fengwin da farin beyar a jirgin ruwa: wanne za a shiga, kuma ya dace a je ma kuwa?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar. Na daɗe ina tara kuɗi saboda tafiya guda, irin wadda ake shiga jirgin ruwa a zaga tsibiran ƙanƙara ana kallon dabbobi. Yanzu na tsaya tsakanin biyu. Ko kudu, a tashi daga Ushuaia ta Ajantina, a bi ta tsibiran Falkland, a je Jojiya ta Kudu, a gangara Antaktika. Ko kuma arewa, Svalbard ta ƙasar Norwe. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, na ga wani katafaren jirgi mai ɗaukar mutum sama da 2,000, kuɗinsa bai kai rabin na wani ɗan ƙarami mai ɗaukar 120 ba, alhali dukansu Antaktika suka rubuta. Ina dalili?

Tsohon Matuƙi:
Wa alaikumus salam. Ruwa ba ya tsami banza, ƙanena. Babban jirgin ba zai sauke ka ba. Kamfanonin da ke kai mutane can suna da ƙungiya, IAATO, tun 1991, kuma ƙa'idarsu ce duk jirgin da ya ɗauki fasinja sama da 500 ba ya sauke kowa a ƙasa. Wucewa kawai zai yi, kana tsaye a bene riƙe da madubin hangen nesa, a nuna maka wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a gindin dutse a ce tsuntsayen fengwin ne.

Sai ƙa'ida ta biyu, wadda ita ce ke yanke farashi: ba a yarda mutum sama da 100 su taru a ƙasa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba. Jirgi ɗaya a kowane masauki, ɗan jagora ɗaya ga mutum 20. To yi lissafin da kanka. Jirgi mai mutum 100, kowa ya sauka tare, safe da yamma. Mai 200, a raba ku biyu, rabi a ƙasa, rabi suna zagaye a kwale-kwalen roba mai inji da ake kira Zodiac. Mai 450 kuwa kashi biyar za a yi ku, in ka samu awa guda a ƙasa ka gode Allah. Lokacin da ƙafarka za ta yi a tudu shi kake saye, gado da abinci duk rakiya ne.

Ɗan Autan Zaure:
Baba, ni tawa tambayar daban ce. A wanne ne ake ganin farin beyar yana bin fengwin da gudu?

Mai Kyamara:
Auta, sai dai a zanen yara. Beyar yana can ƙuryar arewa, fengwin yana kudu, duniya guda ce a tsakaninsu. Shi ya sa ma fengwin ba ya tsoron abin da ke tafiya a ƙasa, don bai gaji gudun kowa a tudu ba. Maƙiyansa suna cikin ruwa ko a sama.

Baban Ilham, in dabbobi ne suka kai ka, ni Jojiya ta Kudu zan ce maka ba tare da na yi dogon tunani ba. Akwai wani gaɓar teku da ake kira St Andrews Bay, inda manyan fengwin masu ruwan ɗorawa a wuya suke sheƙa, ma'aurata kusan 150,000 a wuri ɗaya. Tun kwale-kwale bai kai gaɓa ba wari ke fara tarbar ka, warin kashi da ruɓaɓɓen kifi, har ya kama maka riga. Sai ƙara, kamar an tara dubban masu algaita kowa yana busa tasa. Da ka hau ɗan tudun da ke bayan gaɓar ka leƙa, ba ka ganin ƙasa, sai kawuna har gindin kogin ƙanƙara, da wasu layuka masu launin ƙasa-ƙasa a bakin rafi, waɗanda 'ya'yan ne cikin gashinsu na jarirai. Ɗan kan yi ƙiba har ya fi uwarsa girma a ido. An ce ka bar mita 5 tsakaninka da su, amma su ba wanda ya karanta musu dokar. Na tsaya cak, wani ɗa ya tako a hankali, ya tsaya yana kallon takalmina, ya miƙa wuya ya ja igiyar jakar kyamarata, sannan ya juya ya tafi abinsa. Ɗan jagora yana gefe yana yi mini alama da hannu in ja baya a hankali.

A wannan tsibirin kuma kusan kashi 95 cikin 100 na karnukan teku masu laushin gashi na yankin Antaktika suke haihuwa, da kusan rabin manyan nan masu hanci kamar na giwa, waɗanda namiji kan haura tan 3.

Anti Malama:
Na karanta duka, kuma Mai Kyamara ya iya ba da labari, har na ji warin daga nan. Amma ku yi haƙuri, ba wanda ya yi tambayar da ta fi muhimmanci: ya dace a je? A farkon shekarun 1990 masu zuwa Antaktika a kaka ɗaya ba su kai 10,000 ba. A kakar 2023 zuwa 2024 sun haura 120,000, bisa alƙaluman ita IAATO ɗin da kanta. Kuma ba a faɗin nahiyar suke bazuwa ba. Kusan duka suna cunkusuwa ne a 'yan wurare kaɗan da ƙanƙara ke janyewa a zirin da ke fuskantar Kudancin Amurka, a watanni biyar, Nuwamba zuwa Maris. Wurin da babu ƙanƙara shi ne wurin da tsuntsu zai yi sheƙa, lokacin kuma shi ne lokacin ƙwai da 'ya'ya. Wato daidai ɗakin haihuwarsu, daidai ranar haihuwar, muke kai ziyara.

Ga hayaƙi. Wani bincike da ya fito a 2022 ya auna baƙin toka da injinan jirage ke zubarwa a kan dusar ƙanƙara. Farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana, in ta yi duhu sai ta sha zafi ta narke. Masu binciken sun ƙiyasta cewa kowane ɗan yawon buɗe ido ɗaya yana jawo narkewar kusan tan 83. Ba a ma zo kan jiragen sama biyu ko uku da za su kai ka Ushuaia ba.

Baban Ilham:
Anti, kin sa jikina ya yi sanyi tun ban kai ga ƙanƙarar ba.

Tsohon Matuƙi:
Malama, maganarki da ƙamshin gaskiya, amma a faɗi ɗaya ɓangaren. Tun 2011 aka haramta wa jirage ɗaukar baƙin mai mai kauri a tekun Antaktika, irin wanda in ya zube ba ya kwasuwa. Kuma binciken da kika kawo, ai ya nuna cewa mutum ɗaya a tashoshin bincike yana zubar da tokar da ta ninka ta ɗan yawon buɗe ido, don su suna zaune da janareto da motocin ƙanƙara wata da watanni. Za mu ce su ma su tattara su tafi?

Anti Malama:
Baba, shi mai bincike ya je ya auno mana ramin da ya ɓullo a rufin iskar ozon da ke kare duniya a sararin samaniya, ya haƙo ƙanƙarar da ta gaya mana yadda iskar duniya take shekaru dubbai da suka wuce. Shi fasinja me ya dawo da shi? Hotuna 4,000 da ba zai sake buɗewa ba.

Mai Kyamara:
Anti, wannan da ni kike, na ji. Amma hotunan ma suna aiki. Akwai shafin Happywhale, kana ɗora hoton ƙasan wutsiyar kifin wel, don kowanne da irin zanensa, na'ura ta gane shi ta gaya maka inda aka taɓa ganinsa. Da hotunan fasinjoji masana ke bin hanyar da suke bi daga tekun Brazil ko Kolombiya zuwa kudu.

Kuma mutane suna zaton sauka ake yi kara zube. Kafin mu isa Jojiya ta Kudu sai da aka tara mu a falon jirgi, kowa ya kawo rigar sanyi, wando, safar hannu, hula, jaka. Aka ba mu injin zuƙe ƙura da ɗan tsinke. Ka zauna ka bi kowane aljihu, kowane ɗinki, musamman manne-mannen nan masu ƙaya-ƙaya na bakin hannun riga, kana tsince irin ciyawa ɗaya bayan ɗaya. Wata mata kusa da ni ta zaro ƙwayoyin ciyawa daga ragar jakarta, ta ce tun wani hawan dutse a wata nahiya suke ciki ba ta sani ba. Ɗan jagora ya duba da tocila, in bai gamsu ba ka koma. Ƙasan takalmi kuwa da burushi da tsinke za ka bi ramukansa, sannan ka taka cikin ruwan magani, fita da dawowa. Da muka isa Grytviken, tsohuwar tashar mafarautan wel a tsibirin, jami'in gwamnati ya hau jirgi ya sake duba mutane da kansa. Tun daga Stanley, babban garin Falkland, ma akwai karnukan da aka horar suna shinshina jiragen da za su tsibirin, ko da ɓera a ciki.

Hajiya Mai Tsuntsaye:
Tunda an ambaci ɓera bari in sa baki, don nan ne nake ganin Malama ba ta yi wa masu ziyara adalci ba. Ɓeraye sun shiga Jojiya ta Kudu a jiragen mafarauta tun ƙarni biyu da suka wuce. Tsibirin ba shi da bishiya, duk tsuntsu a ƙasa ko a rami yake ƙwai, sai ɓeraye suka samu gara. Akwai wani ɗan tsuntsu mai waƙa da babu shi ko'ina a duniya sai can, saura kaɗan ya ƙare, sai a ƙananan tsibiran gefe da ɓera bai kai ba. Wata ƙungiyar agaji, South Georgia Heritage Trust, ta ɗauki aikin. A 2011, 2013 da 2015 jirage masu saukar ungulu suka watsa guba sama da tan 300. Abin da ya taimake su, kogunan ƙanƙara sun raba tsibirin gida-gida, ɓera ba ya iya tsallakewa, sai aka bi yanki-yanki. Suna sauri ne ma don kogunan suna ja da baya, in sun narke shingen ya tafi. A watan Mayu na 2018, bayan an zaga da karnuka an duba, aka sanar babu ɓera ko ɗaya. Aikin ya ci kusan fam miliyan 10, kuma wani kaso daga aljihun fasinjojin jiragen nan ya fito, ana gwanjo a cikin jirgi, mutum ya ɗauki nauyin hekta guda ko biyu. Yanzu ɗan tsuntsun nan yana waƙa har a Grytviken.

Haka barewar ƙanƙara da mutanen Norwe suka kai tun 1911 don nama, ta cinye ciyawar da tsuntsaye ke fakewa a ciki. A 2013 da 2014 aka kawar da su, sama da 6,000.

Anti Malama:
Hajiya, ranki ya daɗe, labarin ɓerayen yana faranta mini rai ni ma. Amma wa ya kai su? Jirgi. Wa ya kai barewar? Jirgi. Wani mafaraucin wel ɗan Norwe, Carl Anton Larsen, ya kafa Grytviken a 1904, daga nan zuwa tsakiyar shekarun 1960 an yanka kifin wel kusan 175,000 a tashoshin tsibirin nan kaɗai. Ba tausayi ne ya sa aka daina ba, ƙarewa suka yi. Duk wata ɓarna da ta taɓa samun wurin a cikin jirgi ta iso, kuma kowane zamani mutanensa suna ganin su nasu zuwan ba shi da illa.

Babbar damuwata ita ce wa ke tsaron wa. IAATO ƙungiyar kamfanonin ce, su suka rubuta dokar, su ke duba junansu. An ba kura ajiyar nama. Antaktika ba ta da gwamnati. Yarjejeniyar 1959 ce ke riƙe da ita, da ƙarin da aka yi a Madrid a 1991 kan muhalli, kuma ba a zartar da komai sai duk ƙasashe masu ƙuri'a sun amince. Ƙasa ɗaya ta ce a'a, magana ta mutu. Shi ya sa akwai dokar mutum 100 a lokaci guda, amma babu dokar da ta ce ga iyakar mutanen da za su je a shekara. Mutum 100 su hau, 100 su sauka, jirgi ya tafi wani ya shigo, daga safe har yamma, kowa kuma ya bi doka.

Tsohon Matuƙi:
Nan kam ban da ta cewa. Na ga jadawalin da ake rabon masaukai, tun watanni kafin kaka kamfanoni ke rige-rigen kama wuri a kwamfuta. Kyaftin kan ɓoye jirginsa a bayan wani tsibiri har na gabansa ya fice, don kada fasinja su ga wani jirgi su daina jin su kaɗai ne a duniya.

Ɗalibin Arewa:
Salam. Na shigo a makare, amma maganar Anti ta kawo mu kan Svalbard, inda akwai gwamnati kuma ta yi abin da Anti ke nema. Tsibiran na Norwe ne bisa yarjejeniyar 1920, akwai gwamna, akwai 'yan sanda, akwai tara. Daga 1 ga Janairu 2025 dokoki suka tsananta. A yankunan da aka keɓe, jirgi ba ya ɗaukar fasinja sama da 200, kuma wurare 43 kawai aka yarda a sauka. Farin beyar, dole ka bar mita 300 tsakaninku, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuma mita 500. An hana fasa ƙanƙarar da ta manne da gaɓa, inda karnukan teku ke haihuwa, beyar kuma ke farauta.

Yaya Baban Ilham, ka san wannan kafin ka biya. Hotunan tallan da kake gani, beyar ya ɗora ƙafa a jikin jirgi yana leƙe, yawancinsu na da ne, ko kuma an ɗauke su can cikin ƙanƙarar teku a wajen iyakar ruwan Norwe. A mita 300 beyar ɗigo ne mai ruwan madara a kan fari, sai da madubi mai kyau. Kuma ba a yi maka alkawarin ganinsa. Na yankin tekun Barents gaba ɗaya kusan 3,000 ne, waɗanda ke zama a tsibiran duk shekara 'yan ɗaruruwa ne. 'Yan jagora kan kwana a ɗakin kyaftin suna leƙen ƙanƙara, in an hango sai a buga sanarwa ko ƙarfe biyun dare ne, ka fito da rigar barci a ƙarƙashin ta sanyi, rana tana sama, don a Longyearbyen, babban garin Svalbard, ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu har bayan tsakiyar Agusta.

Amma akwai walros, manyan dabbobin teku masu haure, jibge a kan yashi, waɗanda aka hana farautarsu tun 1952 suna dawowa. Akwai dutsen Alkefjellet, tsuntsaye ma'aurata kusan 60,000 a jere a jikin bango, dila kuma tana zagaye a ƙasa tana jiran abin da zai faɗo.

Ɗan Autan Zaure:
To in kuna ƙasa beyar ya ɓullo fa?

Ɗalibin Arewa:
Shi ya sa ba a sauka sai masu gadi sun riga kowa sun duba, da bindiga da harsashin tsoratarwa. In an ga beyar, an fasa sauka, shi ke nan. A watan Yuli na 2018 wasu masu gadi sun sauka a wani tsibiri can arewa, beyar ya far wa ɗayansu ya ji masa rauni a ka, abokan aikinsa suka harbe shi. An yi ta ce-ce-ku-ce a duniya, don tun 1973 aka hana farautarsa.

Anti Malama:
Ka ji ko. Yana gidansa, yana neman abincinsa, baƙi suka zo kallonsa, shi ya mutu.

Hajiya Mai Tsuntsaye:
Malama, wannan ya yi ciwo, ba musu. Amma abin da ke kashe beyar a yau ƙanƙarar teku ce da ke guduwa daga ƙarƙashinsa, don Svalbard tana ɗumama ninki da yawa fiye da sauran duniya, kuma hayaƙin mu duka ne, har da wanda bai taɓa ganin teku ba. A kudu ma, abin da ya fi ba ni tsoro jiragen kamun kiril ne, 'yan ƙananan jatan landen nan da fengwin da wel da karen teku duk suke rayuwa a kansu. Iyakar da aka sa a yankin tan 620,000 ce a shekara, ana niƙa su a yi abincin kifin gona da ƙwayoyin ƙarin lafiya. Sau da yawa fasinjoji ne ke ɗauko hoton jiragen nan suna jan raga a tsakiyar garken wel. Wurin da ba mai zuwa, ba mai ba da shaida.

Akwai kuma Port Lockroy, tsohuwar tashar Birtaniya ta 1944 da yanzu ta zama gidan tarihi da gidan waya. Sun raba ɗan tsibirin, wani ɓangare baƙi na shiga, wani an rufe, suna ƙirga sheƙunan fengwin tun shekarun 1990. Adadin ya ragu, amma a duka ɓangarorin ya ragu.

Anti Malama:
A tsibirin da bai wuce filin ƙwallo ba, Hajiya. Jirgin da ya tsaya a gaba, ai duka ɓangarorin ya tsaya wa. Ni abin da na ɗauka daga ciki shi ne sun ragu.

Kuma ba mu taɓo murar tsuntsaye ba. A watan Oktoba na 2023 aka tabbatar da ita a Bird Island ta Jojiya ta Kudu, zuwa Fabrairu 2024 ta isa nahiyar Antaktika. Karnukan teku masu hancin giwa sun mutu birjik a gaɓa.

Tsohon Matuƙi:
Tsuntsaye masu ƙaura ne suka kawo ta daga Kudancin Amurka, Malama, ba fasinja ba.

Anti Malama:
Na sani, Baba. Amma tsuntsu ya kawo ta tsibiri ɗaya, takalmi yana iya kai ta goma cikin mako guda.

Mai Kyamara:
Shi ya sa aka hana zama, durƙuso, kwanciya, ko ajiye jaka a ƙasa. Takalminka kaɗai ke taɓa ƙasa. Mu masu ɗaukar hoto abin ya ƙona mana rai, don hoton fengwin mai kyau sai ka kwanta daidai idonsa. A waccan kakar an rufe masaukai da yawa a Jojiya ta Kudu, mutane sun biya kuɗi mai yawa suka ƙare da kallo daga kwale-kwale. Baban Ilham, wannan ma ka sa a lissafi.

Baban Ilham:
Ina rubutawa duka. Baba Matuƙi, batun teku fa? An ce mashigin Drake, tsakanin Kudancin Amurka da Antaktika, ba ya wasa.

Tsohon Matuƙi:
Kilomita kusan 800 ne a inda ya fi ƙunci, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Babu ƙasar da ke tare iska a wannan layin, ruwa yana zagaye duniya ba abin da ya tsayar da shi. Wata rana ka same shi lumui, wata rana a ɗaure kujeru da sarƙa, a jiƙa mayafin tebur don kada faranti ya zame, a saƙale jakunkunan amai a kowane lungu. Ka sha maganin jiri kafin a fita daga mashigin Beagle da ke bakin Ushuaia, in ya riga ya kama ka ba ya jin magani. Hannu ɗaya naka, ɗaya na jirgi, kuma kada ka riƙe bakin ƙofa, ta datse yatsun mutane da yawa. Wanda ba zai iya ba, akwai jirgin sama daga Punta Arenas ta Chile zuwa tsibirin King George, awa biyu, sai dai hazo kan hana tashi a yi ta jira. Jojiya ta Kudu kuwa ba filin jirgin sama, sai ta ruwa, kusan kilomita 1,400 daga Falkland, shi ya sa tafiyar kan ci kusan mako uku.

Haɗari yana faruwa. A watan Nuwamba na 2007 jirgin Explorer, wanda shi ne na farko da aka ƙera musamman don irin wannan tafiya a 1969, ya bugi ƙanƙara kusa da tsibiran Shetland ta Kudu ya nutse. Mutum 154 suka shafe sa'o'i a ƙananan kwale-kwale kafin wani jirgin Norwe ya kwashe su, ba wanda ya mutu, don Allah ya sa teku na kwance a ranar. A ƙarshen 2022 kuma kwale-kwale ya kife kusa da tsibirin Elephant mutum biyu suka rasu, igiyar ruwa ta fasa tagogin wani jirgi ta kashe mace ɗaya. Babu asibiti a can. Kada ka taka jirgi ba tare da inshorar da za ta ɗauko ka ba, kamfanonin kirki ma ba za su karɓe ka ba sai da ita.

Ɗan Autan Zaure:
Tsibirin Elephant ɗin nan ba shi ne na Shackleton ba?

Hajiya Mai Tsuntsaye:
Shi ne. Ernest Shackleton, jagoran wata tawagar Birtaniya mai binciken Antaktika, ƙanƙara ta murƙushe jirginsa Endurance a 1915, ya bar mutum 22 a can, shi da biyar suka yi kusan kilomita 1,300 a ɗan kwale-kwale zuwa Jojiya ta Kudu, ya tsallake duwatsun tsibirin a ƙafa cikin awa 36, ya koma ya kwaso su duka a Agusta 1916. Kabarinsa yana Grytviken, can ya rasu a Janairu 1922, karnukan teku na kwance a bakin shingen maƙabartar.

Baban Ilham:
To ga inda na tsaya. Babban jirgin ya fita daga lissafi. Zuciyata ta karkata kudu, ƙaramin jirgi, sau ɗaya a rayuwa. Wane wata?

Mai Kyamara:
Nuwamba ƙanƙara fes, ana neman aure ana gina sheƙa, manyan mazan masu hancin giwa suna faɗa. Disamba da Janairu 'ya'ya ke ƙyanƙyashewa, amma a Jojiya ta Kudu mazan karnukan teku masu laushin gashi kan cika gaɓa suna cizo, har a kasa sauka a wasu wuraren. Tsibirin Prion ma, inda tsuntsun albatros mai fiffike har mita 3 da rabi ke sheƙa, a shekarun baya rufe shi ake yi daga 20 ga Nuwamba zuwa 7 ga Janairu. Fabrairu da Maris na wel ne, sai dai ƙasa ta zama taɓo da kashi. Manyan fengwin kam ko yaushe ka je akwai 'ya'ya, don renon ɗa ɗaya yana cin su fiye da shekara.

Ɗalibin Arewa:
In ka sauya ra'ayi ka yi arewa, Svalbard ba ta neman biza, amma jirgin sama ta Oslo ko Tromsø yake bi, don haka sai da bizar Schengen mai shiga sau biyu. Mutane suna mantawa da ta dawowa.

Anti Malama:
Ni dai ban sauya ba, Baban Ilham, da ni ce da na bar su su huta. Amma tunda ka ƙudura, ka tambayi kamfanin abu uku a rubuce: fasinja nawa ne a jirgin, ba gado nawa ba, wane mai suke ƙonawa kuma nawa a rana, sannan in sun iske gawar tsuntsaye a masauki, wa ke yanke hukuncin fasa sauka, shugaban tawaga ko ofishin masu sayar da tikiti.

Baban Ilham:
Na tura wa kamfani biyu tun ɗazu. Ɗaya ya amsa ta farko, ya ce 130, ya tsallake sauran biyun ya turo mini hoton ɗakin cin abinci.

Tsohon Matuƙi:
Sake tura musu. Ka ƙara da tambayar Zodiac nawa suke da shi da direbobi nawa, don jirgi mai mutum 130 da kwale-kwale shida, rabin safiyarka a layi za ta ƙare.